Me ya kai ka maƙabartar Turawa da kyamara? Ga amsoshin tambayoyinku

Tun da na sa hotunan da na ɗauka lokacin kaka a tsofaffin maƙabartun Turai wayata ba ta huta ba, wasu da gaske suke tambaya wasu kuma tsokana ce kawai, yayata ma kira ta yi musamman wai "kai lafiyarka ƙalau kuwa, duk wuraren yawon da ke ƙasar ka rasa inda za ka sai wajen matattu?" To Yaya ga amsa, ke da sauran jama'a.

Wai me ake kallo a wurin, ba kaburbura ba ne kawai?

Matsalar ita ce in an ce maƙabarta abin da ke zuwa mana a rai shi ne irin tamu, fili da tudun ƙasa, ba suna ba komai, in damina biyu ta wuce ma da ƙyar ka gane na wane ne. Tsofaffin maƙabartun Turai na ƙarni na 19 ba haka suke ba, da gangan aka tsara su kamar lambu don masu rai su shiga su zaga. Asali a harabar coci suke binne mutane a tsakiyar gari, har wurin ya cika ya koma wari da cuta. A Faris sai da aka rufe babbar maƙabartar tsakiyar birni a 1780, daga 1786 aka fara kwashe ƙasusuwa ana kai su ramukan da ke ƙarƙashin garin. Shi ne a 1804 zamanin Napoliyon aka buɗe maƙabartar Père Lachaise a kan wani tudu a bayan gari, yanzu faɗinta ya kai hekta 44, wato kamar filin ƙwallo sittin, da tituna masu suna da dubban bishiyoyi.

Abin dariyar shi ne da farko mutane ƙin kai gawarsu suka yi, wai ta yi nisa. Sai hukuma ta yi dabara irin ta 'yan kasuwa, a 1817 aka kwaso ƙasusuwan shahararrun marubuta biyu, Molière da La Fontaine, aka kawo su nan, ai kuwa sai masu kuɗi suka fara rububin sayen wuri don a binne su kusa da manya, kowane gida kuma yana son ginin kabarinsa ya fi na maƙwabci. Gasar nan ce ta cika wurin da sassaƙen da muke ɗauka yau. Landan ta bi sahu da Highgate a 1839, Jenowa ta Italiya kuma da Staglieno a 1851.

Me ya sa sai lokacin kaka?

Kakar Turai ba irin tamu ba ce ta girbi da sabon gero, tasu daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba take, rana na gajarcewa sanyi na shigowa, bishiyoyi su daina yin sinadarin da ke sa ganye kore sai wasu launuka su fito, rawaya da ruwan goro da ja, kafin ganyen ya zube. To ka haɗa wannan da dutse mai launin toka wanda gansakuka ta hau, hoton ma shi ke ɗaukar kansa.

Amma ni ba ganyen ne ya fi ja na ba, hasken ne. A ƙarshen Oktoba rana a Faris ko da tsakar rana ba ta hawa tsakiyar ka, daga gefe take dukan abu kamar hantsi ko la'asar sakaliya a wurinmu, kuma hasken gefe shi ke fito da sassaƙa, duk wani lanƙwasar mayafi da jijiyar hannu da rubutun da ya shafe shekara 150 yana gogewa sai ka ga inuwa ta shiga cikinsu sun tashi. Kabarin da ka wuce a watan Yuli ba ka ga komai ba sai ka dawo a Oktoba ka tsaya kana mamaki. Ga shi kuma ganye ya ragu, abubuwan da duhuwa ta rufe da bazara sun bayyana.

Sai kuma ranar 1 ga Nuwamba, ranar da Kiristocin Katolika ke tunawa da waliyyansu, washegari kuma mamatansu. A Faransa ranar hutu ce, iyalai na zuwa su share kaburbura su jera tukwanen fure. Wurin na yin kyau sosai amma ni ba na zuwa da kyamara ranar, ranar masu makoki ce, na fi so in bari kwana biyu ko uku su wuce, furen na nan mutane sun watse.

Su mutum-mutumin nan suna da ma'ana ne ko ado ne kawai?

Yawancinsu magana suke. In ka ga ginshiƙi a karye ba faɗuwa ya yi ba, haka aka sassaƙa shi, ma'ana rai ya yanke da ƙuruciya. Ɗan rago yawanci kabarin yaro ne. Hannu biyu suna musabaha bankwana ce, galibi tsakanin mata da miji. Sandar wuta da aka kifa kanta ƙasa rayuwa ce da ta ƙare, ƙugiyar jirgin ruwa kuma fata ce ko kuma mamacin matuƙin jirgi ne. Mala'iku masu fukafukai da mata masu kuka su ba su ƙirguwa, har sukan gundure ni in gaya muku gaskiya, bayan na ashirin duk sai su koma iri ɗaya.

To wanne ya fi tsaya maka a rai?

Wata mai talla. A Staglieno, tsakiyar manyan attajirai da lauyoyi na Jenowa, akwai mutum-mutumin wata tsohuwa Caterina Campodonico, sana'arta sayar da 'ya'yan itace masu ɓawo da aka shirya a zare kamar carbi da wani burodi mai zagaye a wuraren bukukuwa. Matar nan ta yi ta tara kuɗin tallanta har ta biya wani gwanin sassaƙa, Lorenzo Orengo, ya sassaƙa ta da dutsen mabul a 1881 tana da ranta, da mayafinta da kayan tallan a hannu, shekara ɗaya bayan nan ta rasu. Duk sanda na kalli hoton sai in tuna iyayenmu masu ƙuli-ƙuli da adashensu, wallahi fuskar irin tasu ce, ta wadda ba a cuta a ciniki.

A Highgate kuma akwai kabarin wani ɗan dambe Tom Sayers da ya mutu a 1865, an sassaƙa karensa kwance a gaban kabarin. Kuma can ne Karl Marx yake, ya mutu 1883, ƙaton kan nan nasa da ake gani a hotuna a 1956 aka kafa shi. Sai ka biya kuɗin shiga kafin ka ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da jari-hujja, wannan kam kowa sai ya yi murmushi a bakin ƙofa.

Malam, Musulmi da shiga irin wannan wuri, ga gumaka ko'ina?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa kuma tana kan hanya. Ni ba malami ba ne, fatawa a nemi masu ita. Abin da ke bayyane shi ne ziyarar kaburbura ta zo a hadisi a Sahihu Muslim, an hana da farko sannan aka yi izini, kuma a littafin dai akwai hanin yin gini a kan kabari da zama a kansa, da umarnin da aka ba Sayyidina Ali na baje kabarin da aka ɗaga da shafe siffofi. Shi ya sa namu suke yadda suke, ba talauci ba ne ko rashin iya sassaƙa. Ni dai ina shiga ne a matsayin mai kallon tarihin wasu mutane da yadda suka ɗauki mutuwa, ba neman tabarraki ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma ya bari, ba abin da ya rasa na dole.

Kuma fa akwai namu a ciki. A Père Lachaise an ware wa Musulmi sashe a 1857. A maƙabartar Brookwood da ke kudu maso yammacin Landan, wadda aka buɗe a 1854 har da jirgin ƙasa na musamman mai ɗauko gawa daga birni, can aka binne Marmaduke Pickthall da Abdullahi Yusuf Ali, su biyun da suka fassara Alƙur'ani zuwa Turanci, da yawanmu mun taɓa riƙe fassararsu a hannu. Wanda kuma yake son tsohuwar maƙabarta mai kyan hoto ba tare da siffar mutum ba, ya nufi unguwar Eyüp a Santambul kusa da kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari, duwatsun zamanin Usmaniyya ne dogaye da rubutun larabci, na maza da rawani ko dara a sama, na mata da fure.

Waya ta isa ko sai babbar kyamara?

Ta isa. Rabin hotunan da kuka gani da waya na ɗauka. Ka kashe filasha, tana baje fuskar dutse ta zama kamar bangon siminti. Kar ka tsaya gaba da gaba kamar mai hoton fasfo, ka zaga har sai hasken ya zo daga gefe, ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa yadda ganyen zai zama bayan hoton, in mabul ɗin fari ne ka taɓa shi a fuskar wayar ka rage haske kaɗan in ba haka ba zai ƙone ya zama fari fat ba komai a ciki. Ka matsa kusa, hannu ɗaya da ganye ya faɗo a kai ya fi hoton kabarin gaba ɗaya. Ranar da aka yi yayyafi gari ya lumshe kar ka ce ta ɓaci, jiƙaƙƙen dutse ya fi fitar da launi. Sai dai sanyi na shan batir kamar me, ka riƙe abin caji, ka sa takalmi mai kama ƙasa don jiƙaƙƙen ganye a kan titin dutse santsinsa ya fi na kuɓewa, ni shaida ne, gwiwata ta yi sati tana ba da labari.

Akwai abin da ba a so a yi?

Kar ka hau kabari, kar ka jingina da sassaƙa, kar ka goga alli ko wani abu a kan rubutu wai don ya fito, yana cin dutsen. Kabarin marubuci Oscar Wilde sai da aka kewaye shi da gilashi a 2011 saboda masu sumbatarsa da jan-baki sun fara lalata shi. In ka ga jana'iza ko wani tsaye gaban kabari ka sauke kyamara ka canza hanya, don har yau ana binne mutane a wuraren nan. Sabon kabari mai suna da hoto ni ba na sa shi a intanet, yana da 'ya'ya da ke raye. In kuma hoton na kasuwanci ne ko za ka kafa kayan aiki to sai ka nemi izinin ofishin wurin.

Ba ka jin tsoro?

Na me, Yaya? Tsofaffi ne ke zaune a benci suna karanta jarida, ga 'yan yawon buɗe ido da taswira suna neman kabarin mawaƙi Jim Morrison. Abin tsoron ɗaya ne, ɓata. Ana mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, duhu na shigowa da wuri, a Nuwamba wajen biyar da rabi ake rufe Père Lachaise, lunguna kuma duk kama suke da juna. In ka ji masu gadi sun fara kaɗa ƙararrawa to ka bar hoton nan ka nemi ƙofa.