Dazuzzukan Kosta Rika da Yadda Aka Farfaɗo da Su

Kosta Rika ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tsakanin Nikaragua da Panama, faɗinta murabba'in kilomita 51,100. Duk da ƙanƙantarta, masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na ire-iren halittun duniya suna cikinta, har da tsuntsaye sama da iri 900. Abin da ya jawo haka shi ne matsayinta: gada ce tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, teku biyu sun sa ta a tsakiya, ga tsaunuka da suka haura mita 3,800.

Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi wa dajin ƙasar sara ba ƙaƙƙautawa, galibi don buɗe makiyayar shanu, domin naman yana da kasuwa a Amurka. Wasu ƙididdiga sun nuna cewa a 1987 dajin da ya rage bai kai rubu'in ƙasar ba. Yau ya haura rabi.

Faɗuwar farashin nama ta sa makiyaya da yawa suka bar filayensu, daji ya sake tohowa, amma doka ce ta hana a koma gidan jiya. Dokar Gandun Daji mai lamba 7575 ta 1996 ta haramta mayar da daji gona ko makiyaya, ta kuma kawo tsarin biyan mai fili ladan barin itatuwansa a tsaye. Hukumar FONAFIFO, asusun gwamnati na tallafa wa gandun daji, ce ke gudanar da shi tun 1997. Mai fili zai kawo shaidar mallaka, ya ɗauki ƙwararren malamin daji mai lasisi ya auna filin ya tsara yadda za a kula da shi: share layin tare gobara, hana farauta, hana sara. Sai a ƙulla yarjejeniya, yawanci ta shekara biyar. An daɗe ana biyan kimanin dala 64 kan kowace hekta a shekara, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga kashi 3.5 cikin 100 na harajin man fetur yake fitowa.

Tsarin yana da rauni. Ƙananan manoma marasa takardar fili sukan sha wahalar shiga, masu nema kuma sun fi kuɗin yawa. Sannan dala 64 ba ta kama ƙafar ribar gonar abarba, wadda feshin maganinta ke gurɓata ruwan ƙauyuka.

A lardin Gwanakaste, inda rani kan kai wata shida, wuta ce babbar abokiyar gaba. Wata ciyawa mai suna jaragua, wadda aka kawo daga Afirka don kiwo, takan yi tsayi ta bushe ƙarau, gobara ɗaya ta cinye duk ƙananan itatuwan da suka tsiro. Masanin halittu Daniel Janzen da abokan aikinsa sun nuna cewa ba sai an dasa kowace bishiya ba. In aka kashe gobara shekara bayan shekara, iska da tsuntsaye da jemagu za su kawo iri, inuwar itatuwa kuma ta kashe ciyawar da kanta.

Kusan rubu'in ƙasar yana ƙarƙashin kariyar hukumar SINAC mai kula da gandun daji da namun daji, an kuma haramta farautar nishaɗi a 2012. Duk da haka shingen gandu ba ya tare cuta ko sauyin yanayi. Wani kwaɗo mai ruwan zinariya na dajin Monteberde, wanda ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai nan, a cikin gandu mai kariya yake zaune. A 1987 an ga fiye da dubu suna taruwa a kududdufan ruwan sama don haihuwa. A watan Mayun 1989 namiji ɗaya tak aka gani, tun daga nan ba a sake ganin ko ɗaya ba.