Sanyaya Gida Lokacin Bazara a Ƙasar Bauchi

Sanyaya gida ba tare da dogaro da na'urar sanyaya ɗaki ba ya ƙunshi dabarun gini da na zaman gida da ake bi domin a hana zafi shiga ɗaki da rana, a kuma fitar da wanda ya riga ya shiga idan dare ya yi. A ƙasar Bauchi an fi bukatar waɗannan dabaru da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, musamman a arewacin jihar wajen Azare da Jama'are. Batun ya ƙara nauyi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa kwana da janareta ya gagari gidaje da yawa, da kuma ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, inda masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla sa'o'i 20 a rana, suka koma biyan Naira 225 kan kowane yunit.

Rufi

Yawancin zafin ɗaki daga sama yake saukowa. Garin Bauchi yana kusa da digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a tsakiyar Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka da azahar, ta doki rufi kai tsaye. Kwano ba ya riƙe zafi, miƙa shi yake yi ga duk abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ɗakin kwano mara silin ba ya zaunuwa tsakanin azahar da la'asar.

Silin shi ne kariya ta farko, amma bai cika aiki ba sai an bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano, a rufe su da raga saboda ɓera da jemage. In ba haka ba, iska mai zafi takan taru a wurin, ta riƙa gasa silin har bayan isha'i. Launi ma yana da tasiri: farin kwano ko wanda aka shafa wa farin fenti yana mayar da hasken rana, mai duhu kuwa shanye shi yake yi. Yayin baƙin kwano da ruwan ƙasa a sababbin unguwanni ado ne da mai gida zai yi shekaru yana biyan kuɗinsa da zufa.

Abin da magina na da suka sani

Ginin ƙasa na gargajiya, wato bangon tubali mai kauri da rufin soro da aka shimfiɗa bisa azarar giginya, an yi shi ne daidai da wannan yanayi. Ƙasa mai kauri tana shan zafi sannu a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa zuwa ciki. Kafin ya iso, rana ta faɗi. Tagogin ƙanana ne kuma suna can sama, rufin yana da tsawo, iska mai zafi tana samun wurin hawa ta bar mutane a ƙasa. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 kuma aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, yana nuna matsayin da wannan fasaha ta kai.

Soro yana da nasa wahala. Zafin da ya sha da rana yakan sako shi da dare, abin da ya sa mutanen gida kan fito tsakar gida da tabarma su kwana. Yana kuma bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma wannan ɗawainiya ce ta kori mutane da yawa zuwa bulo da kwano. Sai dai bulon siminti mai inci 6 ko 9 ba ya jinkirta zafi kamar tubali. An tsere wa yoyo, an faɗa wa zafi.

Inuwa

Bangon yamma ne ya fi shan wuya, domin ranar la'asar tana dukansa a lokacin da iskar gari ta riga ta yi zafi. Ɗakin kwana da ke jingine da shi yakan kai tsakar dare bai huce ba. Maganinsa inuwa: rumfar zana, baranda, ko bishiya. Darbejiya ta fi dacewa saboda ba ta rasa ganye a tsakiyar rani, mangwaro ma haka, amma a dasa su nesa kaɗan da gini don kada saiwa ta fasa tushe. Tsakar gidan da aka malale da siminti ko aka shimfiɗe da intalok yakan sha rana ya riƙa huci har dare, don haka barin wani sashe da ƙasa da shuke-shuke ya fi. Doguwar katanga da ta matse taga tana toshe iska.

Taga

Nan ne aka fi kuskure. Idan waje ya fi ciki zafi, buɗe taga shigo da zafi ne. Ana rufe tagogi da ƙofofi tun hantsi, a buɗe su bayan magariba idan gari ya fara hucewa, a bar su har asuba. Iska ba ta ratsa ɗaki sai ta samu mashiga da mafita, saboda haka tagogi biyu a bango daban-daban sun fi babbar taga ɗaya. Asabari ko tabarma da aka rataya ta waje sun fi labulen ciki, domin suna tare rana tun kafin ta taɓa gilashi. Girki da rana a kusa da ɗakin kwana, da tsohon kwan lantarki mai wat 60, duk ƙarin zafi ne. Kwan zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan ɗaya.

Ruwa

Ruwa idan yana bushewa yakan tafi da zafi. Wannan ne sirrin randa, wadda ke tsatsafo da ruwa ta jikinta har na cikin ya yi sanyi, kuma a kansa ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya gina dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, wadda ta ba shi kyautar Rolex a 2000. A gida ana yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, ko a rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Dabarar tana aiki sosai a Maris, lokacin da iska take a bushe. Da hadari ya fara haɗuwa a Mayu, iska ta yi laima, amfaninta yakan ragu, har ta ƙara wa ɗaki gumi.

Fanka da na'ura

Fanka ba ta sanyaya iskar ɗaki, zufa take busarwa a jikin mutum, don haka barinta a kunne ba kowa asarar wuta ce. Fankar sama tana cin kusan wat 70, na'urar sanyaya ɗaki kuwa takan ci wat 1,000 ko fiye, abin da ya sa ƙaramar sola ke iya ɗaukar ta farko ta kasa ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a saita na'urar a digiri 27 a haɗa da fanka, wanda ke sa a ji kamar an rage digiri 4, kuma yana iya rage kuɗin wutar sanyaya ɗaki har zuwa kashi 70 cikin 100. Ta kuma yi gargaɗi cewa idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi. A irin wannan hali jiƙa jiki ko tufafi da shan ruwa akai-akai sun fi.

Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko ƙoda ne zafi ya fi yi wa illa, su ya kamata a ba ɗakin da ya fi sanyi. Bazara kuma lokacin sanƙarau ce, kuma cunkoso a ɗaki mara iska yana taimaka wa yaɗuwarta. Mai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro. Janareta kuwa a ajiye shi a fili nesa da tagogin da aka buɗe, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane cikin barci.