Rashin haihuwa: tambayoyin da ma'aurata suka fi yi

Yaushe za a ce akwai matsala?

A gidajenmu, amarya na cika wata uku dangin miji sun fara kallon cikinta. Lissafin likitoci daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an shekara guda ana kwanciyar aure a kai a kai, ba tare da maganin tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba, sannan a kira shi rashin haihuwa. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa a je asibiti. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya na gamuwa da wannan a rayuwarsa.

Magidancin da ke ci-rani a Legas, sai bayan wata biyu yake leƙo gida, lissafinsa daban ne, domin ba lallai zuwansa ya dace da lokacin fitar ƙwai ba. Ƙwan mace yakan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce kwana guda da rai.

Daga wa matsalar take, miji ko mata?

Nan ne aka fi zaluntar mata. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma ita ake kira juya, ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa kishiya.

Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba shi ne shaidar haihuwa ba. Maniyyi na iya fita da yawa alhali ƙwayoyin haihuwar da ke ciki kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙarancin da ake so a miliyan 16 cikin mililita ɗaya. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka maraina, kumburin jijiyoyin maraina, ciwon suga, sigari da Tramadol. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin kuzari ma tana dakatar da samar da ƙwayoyin.

A ganina da maigida ya kamata a fara, domin gwajinsa ya fi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi, shi ke nan.

To ai yana da 'ya'ya da uwargida?

Wannan shaidar jiya ce. Cuta na iya kama mutum bayan haihuwar. A sake gwaji.

A ɓangaren mace fa?

A ƙasashenmu toshewar bututun da ke kai ƙwai mahaifa na kan gaba. Yawanci daga sanyin mara ne da ake ɗauka wajen saduwa, wani lokacin ba tare da wata alama ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa, ɓari ko zubar da ciki a wuri marar tsafta. Shi ya sa za ka ga mace ta haifi ɗa ɗaya, haihuwa ta tsaya cak. Hoton mahaifa na HSG ne ke nuna toshewar. Kuma idan sanyi ne, dole a yi wa miji da duk matansa magani lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaye a gidan.

Sai rashin fitar ƙwai. Macen da al'adarta ke tsallake watanni, ga ƙiba, ga gashi a haɓa, ana duba ta don PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. Wadda nononta ke ɗigar da ruwa alhali ba ta shayarwa, ana auna prolactin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Irin waɗannan sau da yawa ƙwayoyin sha kan wadatar. Ƙarin mahaifa kuwa ba kowanne ke hana ciki ba, ya danganta da inda ya zauna.

Maganin tsarin iyali na kashe mahaifa?

A'a. Allurar wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa, har kusan shekara bayan an daina, amma takan dawo.

Matsi, yankan gishiri da kwantaccen ciki fa?

Cusa magunguna a gaba na iya ƙona wurin ko shigar da cuta. Yankan gishiri ba ya buɗe hanyar haihuwa, hasali ma yana cikin abubuwan da ke kai mata asibitin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina. Ciki kuma ba ya kwanciya shekara biyu. Ko dai ɗan tayin ya mutu, ko ƙari ne, ko al'ada ce ta ɗauke, kuma hoton ciki zai raba gardama. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa awo.

Ciki na shiga amma yana zubewa, ko ɗan ya zo babu rai?

Yawancin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne, ba laifin uwar ba. Idan ya maimaitu a duba suga, sinadarin maƙoshi (thyroid), bakin mahaifa da rukunin jini. Mace mai jinin Rhesus negatif tana buƙatar allurar anti-D, wadda ke hana jininta yaƙar jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba, cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Hawan jini lokacin goyon ciki na iya rikiɗewa ya zama jijjiga. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida kuma a nufi asibiti, kada kunyar haihuwar fari ko tsoron tiyata su sa a kwana ana jira.

Idan duk an gwada bai yiwu ba?

Akwai dashen ciki na IVF, wato haɗa maniyyi da ƙwai a waje sannan a dasa a mahaifa, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a Ingila a 1978. Manyan majalisun fatawa na Sunna sun halatta shi muddin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, aure kuma na nan. Ana yin sa a Nijeriya, sai dai kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma ba lallai a dace a karon farko ba, musamman idan matar ta kai 40.