Wai me zai hana gwamnati ta buga kuɗi ta raba wa kowa?

Wannan maganar na sha jin ta a majalisa da wajen mai shayi, wai tunda injin buga kuɗi na hannun gwamnati ai talauci da gangan ne, su buga kawai su raba mana. To wallahi ba haka abin yake ba.

Kuɗi takarda ce, darajarta tana ga abin da za ta iya saya. In buhun masara goma ne a kasuwa aka ninka kuɗin aljihun kowa, buhunan nan suna nan goma ba su ƙaru ba, sai dai mai masara ya ga kowa na miƙo hannu shi ma ya ninka farashi, shikenan an koma gidan jiya.

Zimbabwe ta gwada a zamanin Mugabe. Daga 2000 aka fara ƙwace gonakin turawa, noma ya faɗi, gwamnati kuma ta dage da bugawa don biyan albashi da bashi, zuwa 2008 farashin safe daban na yamma daban, mutum ya karɓi albashi ya ruga kanti kafin ya zama banza. Farkon 2009 har takardar dalar Zimbabwe tiriliyan 100 suka fitar, takarda guda fa! A shekarar dai suka haƙura da kuɗinsu suka koma ciniki da dalar Amurka da rand na Afirka ta Kudu.

Mu ma nan bashin da gwamnatin Buhari ta ci daga babban bankin Najeriya CBN, naira tiriliyan 22.7, ɗan uwan bugawa ne, kuma kowa ya ga yadda kwanon shinkafa ya koma.