Manyan Maginan Italiya Ba Leburori Ba Ne Fa

Mutane da yawa in aka ce magini a zamanin Renesans, wato lokacin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, sai su hango lebura da ƙura a jiki, wai masu zane ne kawai ke da daraja. Gaskiya ba haka abin yake ba. A Florence magina da kafintoci suna da ƙungiyarsu cikin ƙungiyoyin sana'a 21 na garin, kuma a lokacin in ba ka cikin irin wannan ƙungiya ba ka isa ka riƙe muƙamin gwamnati ba. Eh, ba su kai masu banki da 'yan kasuwar ulu ba, wannan kam ba musu, amma fa suna da ƙarfi, don a 1434 su suka sa aka kulle Brunelleschi, mutumin da ke gina ƙubbar babbar cocin garin sukutum, wai bai biya kuɗin ƙungiya ba! Daga baya dai aka sake shi.

Shi ma Palladio da ake ta kwaikwayon gininsa har Ingila da Amurka, yana ɗan shekara 13 aka kai shi koyon sassaƙar dutse a Padua, guduma da kurfi ya fara riƙewa, a 1524 ya shiga ƙungiyar magina ta Vicenza.