Amitabh Bachchan: tambayoyi kan shekaru fiye da 50 a gaban kyamara

Yaushe ya fara fim, kuma daga ina ya fito?

An haife shi ranar 11 ga Oktoba, 1942, a Allahabad da ke arewacin Indiya. Mahaifinsa, Harivansh Rai Bachchan, shahararren marubucin waƙoƙi ne a harshen Hindi, don haka a gidan littafi ya tashi, ba gidan fim ba. Ya yi aikin albashi a wani kamfani a Kalkata kafin ya tattara ya koma Bombai. Fim ɗinsa na farko shi ne Saat Hindustani a 1969.

Da shigowarsa ya yi suna?

Ina! Ya sha wuya. A lokacin Rajesh Khanna ne ke sharafinsa, kuma abin da kasuwa ke so shi ne jarumi mai murmushi da waƙar soyayya. Shi kuwa dogo ne siriri, ga murya kamar daga cikin rijiya. An yaba masa a Anand na 1971, inda ya fito likita kusa da Khanna, amma finafinan da aka ba shi jagoranci sai suka riƙa yin kwantai ɗaya bayan ɗaya.

To me ya sauya?

Zanjeer, a 1973. Marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka rubuta labarin wani ɗan sanda mai suna Vijay, mai ƙunci a zuciya, wanda ba ya dariya balle rawa. Wasu manyan jarumai sun ƙi karɓa, sai darakta Prakash Mehra ya ɗauki Amitabh. A shekarar ne kuma ya auri abokiyar fitowarsa a fim ɗin, Jaya Bhaduri.

Abin da ya sa Vijay ya shiga ran mutane ba ƙarfin naushi ba ne. Indiya ta wancan lokaci na fama da tsadar rayuwa, rashin aikin yi da cin hanci, har ta kai firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975. Talakan da ya biya kuɗin tikiti ya ga wani mai irin fushinsa a allo, wanda ba ya jiran hukuma ta ƙwato masa haƙƙi. A 1975 ɗin Deewaar da Sholay suka fito. A ganina Deewaar ne ya fi nuna gwanintarsa, ko da yake Sholay ya fi tashe: ɗan dako a tashar jiragen ruwa da ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ƙaninsa kuma ɗan sandan da zai kama shi, uwa a tsakiya. Daga nan sai Amar Akbar Anthony a 1977 da Don a 1978, inda ya nuna ashe ya iya barkwanci ma.

Gaskiya ne ya kusa mutuwa a wurin ɗaukar fim?

Gaskiya ne. A watan Yulin 1982, ana ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie a Bangalore tsakaninsa da Puneet Issar, ya ji mummunan rauni a ciki. An yi masa tiyata, aka kai shi asibiti a Bombai, ya yi makonni rai a hannun Allah, jama'a na ta addu'a a masallatai da wuraren bautarsu. Darakta Manmohan Desai ya sauya ƙarshen labarin, domin da farko jarumin mutuwa zai yi. Da fim ɗin ya fito a 1983, an tsayar da hoton daidai wurin da ya ji ciwon, aka sa rubutu don masu kallo su sani. Jinin da aka ƙara masa a lokacin ya bar masa ciwon hanta, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya.

Me ya kai shi siyasa?

Abota. Bayan kisan Indira Gandhi a 1984, ya tsaya takarar kujerar majalisar dokokin ƙasa don mara wa amininsa Rajiv Gandhi, ɗan Indira, baya, ya kayar da gogaggen ɗan siyasa H. N. Bahuguna a Allahabad. Bai kammala wa'adi ba. A 1987 ya ajiye kujerar bayan an riƙa ambaton sunansa a badaƙalar sayen makaman Bofors, wadda ba a taɓa kama shi da laifi a cikinta ba.

Wane lokaci ne ya fi masa tsanani?

Ƙarshen shekarun 1990. Ya kafa kamfanin nishaɗi mai suna ABCL, wanda ya shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, kamfanin ya durƙushe, bashi ya yi masa katutu. Finafinan da ya dawo da su, irin su Mrityudaata na 1997, ba su yi kasuwa ba. Matsalar a bayyane take: mutum ya haura 50 yana nan yana fitowa a saurayi mai dukan 'yan daba goma, alhali masu kallo sun koma wajen su Shah Rukh Khan.

Yaya aka yi ya farfaɗo?

Ya yarda ya tsufa. A 2000 ya karɓi gabatar da shirin kacici-kacici na talabijin, Kaun Banega Crorepati, inda babbar kyauta a farko ita ce rupi miliyan 10. A wancan zamani ana ganin komawar babban jarumi talabijin faɗuwa ce ƙasa warwas. Sai ga shi ya shiga kowane gida da farin gemunsa, yana hira da malamin makaranta da matar aure cikin girmamawa. A shekarar kuma ya fito a Mohabbatein a matsayin shugaban makaranta mai tsauri, ya bar wa Shah Rukh Khan soyayyar. Shi ne ya je da ƙafarsa wajen Yash Chopra, furodusan fim ɗin, ya nemi aiki, kuma bai ɓoye hakan ba.

Wannan mataki, a wurina, ya fi Zanjeer wuya. Samun suna sa'a na iya kawo shi, amma sauka daga kujerar jarumi da son rai ba kowa ke iyawa ba. Rajesh Khanna, wanda ya riga shi hawa, bai samu irin wannan zango na biyu ba.

Shin tsufan ya rage masa armashi?

Lambobin yabo sun ce a'a. Sau huɗu ya karɓi lambar gwarzon jarumi ta ƙasa, uku daga ciki bayan ya wuce 60: Agneepath na 1990, Black na 2005, Paa na 2009 da Piku na 2015. A Paa ya fito yaro ɗan shekara 12 mai cutar saurin tsufa, ɗansa na cikinsa Abhishek kuma ya fito a mahaifinsa. A Piku kuwa tsoho ne mai mita, wanda ba shi da zance sai na cushewar cikinsa, yana hana 'yarsa sakat. An ba shi Dadasaheb Phalke, lambar fim mafi girma a Indiya, a 2019.

Har yanzu yana fitowa?

Ya fito a Kalki 2898 AD a 2024 yana da shekara 81, finafinansa kuma sun haura 200. Ranar Lahadi, in yana gari kuma lafiya ta samu, yakan leƙo ƙofar gidansa mai suna Jalsa a Mumbai (Bombai a da) ya ɗaga wa cincirindon masoyansa hannu.