Dokar masu buƙata ta musamman ba ta ce jami'a kyauta ce ba, ku daina tura saƙon nan

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp, wai doka ta ce duk mai naƙasa karatun jami'a kyauta ne gare shi, wai an ware musu kashi 5 na admishan, wai kuma duk lakcaran da ya kayar da makaho ko kurma a jarabawa zai sha ɗaurin wata shida. Yayata ce ta fara turo min da murnarta, ɗanta na aji biyu a jami'a kuma a keken guragu yake, har ta fara lissafin buhun shinkafa da kuɗin rijistar da ta tara. Na ce mata Yaya ki riƙe kuɗin nan tukuna. Can kuma wani abokina lakcara ya kira ni a tsorace, wai shi gara a cire masa ɗalibai masu naƙasa daga kwas ɗinsa kafin ya tsinci kansa a gidan yari. Saƙo ɗaya ya ruɗa su su biyun.

Dokar dai akwai ta, ita ce ta haramta nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018 wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ita ta haifar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Ta shafi makafi, kurame, guragu da duk mai larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa mai ɗorewa.

Maganar kyauta tana sashe na 17, amma iyakarta sakandare. Daga nan ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, in wata jami'a ko jiha ta yafe maka kuɗi to alherinta ne. Kashi 5 ɗin nan kuma na ɗaukar aiki ne a ma'aikatun gwamnati, sashe na 29, babu ruwansa da gurbin karatu. Abin da dokar ta ɗora wa jami'a yana sashe na 18: makarantun gwamnati tun daga firamare har jami'a su zama na kowa da kowa, su tanadi ma'aikaci da aka horar don irin waɗannan ɗaliban da kayan da za su iya karatu da su, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu ta kurame a manhaja. Shirin da JAMB ke yi wa makafi tun 2017 a cibiyoyi na musamman, har da ta Kano, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da na'urar rubutunsu ko kwamfuta, wannan tsarin JAMB ne da ya ma girmi dokar, kuma a ƙofar jami'a yake tsayawa.

To mu zo kan ɗaurin da ya hana abokina barci. Sashe na 1 ya ce wanda ya nuna wariya saboda naƙasa, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in hukuma ce ko kamfani naira miliyan 1. Kalmar da ake tsallakewa ita ce "saboda". Ɗalibi makaho da bai yi karatu ba ya faɗi jarabawa, faɗuwarsa ce kamar ta kowa, babu alƙalin da zai ba shi maki. Amma ka miƙa masa takardar tambayoyi irin ta masu ido ka ce ya fara lokaci na tafiya, ko ka ce ba a shigo maka aji da rikoda alhali ita ce littafinsa ita ce bironsa, ko a ce wa kurma dipatmen ɗin nan ba na irinku ba ne tun kafin a duba sakamakonsa, wannan ita ce wariyar. Kuma ko a hakan ma ba ɗan sanda ne zai zo ɗakin lakca ya yi gaba da kai ba, sai an kai kotu an tabbatar. Wanda aka zalunta yana da damar shigar da ƙarar neman diyya daban, ko an hukunta mai laifin ko an sallame shi.

Ni dai a ganina tarar ta yi kaɗan. Miliyan 1 a 2019 kuɗi ne, yau kuwa jami'a za ta ga biyan tarar ya fi mata araha a kan sa lifta a bene guda.

Wanda ya fi amfani, kuma saƙon bai ko ambata ba, shi ne na gine-gine. An ba wa gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, su yi gangarar keke su faɗaɗa hanya, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Dokar ta ce mai naƙasa na da ikon sanar da hukumar wurin cewa ga inda ba ya iya shiga, in ta yi kunnen uwar shegu to akwai diyyar naira 10,000 a kowace rana, kuma aljihun wanda abin ya shafa za ta shiga ba na gwamnati ba, in mutum ɗaya ne mai alhakin 5,000 a rana ko wata shida. Ka lissafa kwana 100 kawai, miliyan ɗaya kenan. Wannan ma sai ta kotu, sai dai kwanakin ba sa fara ƙirguwa sai an sanar, shi ya sa ƙorafin baki a ofishin shugaban dipatmen ba ya kai ka ko'ina, gobe za a ce ba a ji ba.

Na taɓa raka ɗan Yayar tawa lakcar ƙarfe takwas a bene hawa na biyu. Abokansa huɗu ne suka ɗaga shi da keken, biyu a gaba biyu a baya, yana riƙe da jakarsa a ƙirji ya rufe ido har suka kai sama, ana ta yi musu sannu kamar masu ɗaukar kaya. Ya ce min ranar da akwai lakca a can ba ya shan ruwa tun asuba, don banɗakin yana ƙasa kuma ƙofarsa ba ta cin keke. Shekara biyu yana wannan, bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, a zatonsa alfarma zai roƙa.

(Masu cewa za su je su yanko takardar shaidar naƙasa ta bogi don su ci banza kuma, ku sani wannan tarar 200,000 ce ko shekara guda, kuma banzar ma babu ita.)

Jiya da daddare muka zauna da shi muka rubuta takardar zuwa ga magatakardan jami'ar, kwafi ga shugaban sashen harkokin ɗalibai, muka sa sunan ginin da lambar ɗakin da ranakun lakcar, muka nemi ko a sauko da ajin ƙasa ko a gyara hanya. Kwafi biyu na ce ya kai, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya ya dawo da shi gida. Yaya kuma ta tafi banki biyan rijista yau da safe, tana ta mita.